Babi na Bakwai: Taura Biyu a Bakin Likita

Da daren Litinin, 2 ga Janairun 2023, a birnin Cincinnati, wani ɗan wasan baya na ƙungiyar Buffalo Bills mai suna Damar Hamlin, ɗan shekara 24, ya tare abokin karawarsa da ya zuro da gudu riƙe da ƙwallo. Suka zube tare, Hamlin ya miƙe kamar ba abin da ya faru, sai kuma ya sulale ya faɗi ta baya. Zuciyarsa ce ta tsaya. Dukan da ya sha a ƙirji ya faɗo daidai wani ɗan taƙin lokaci a cikin bugun zuciya, wanda in aka daki ƙirji a cikinsa zuciyar kan rikice ta daina harba jini. Kafin 'yan kallo su gane me ake ciki, ma'aikatan lafiya sun riga sun zagaye shi. Ɗaya daga cikin masu jinyar 'yan wasan Bills, Denny Kellington, ya shiga danna masa ƙirji, aka ɗora masa na'urar da ke tayar da zuciya da lantarki, motar asibiti ta shigo har tsakiyar fili. Kwana tara bayan nan aka sallame shi ya koma gida, kuma kakar wasan da ta biyo baya da shi aka yi ta. Yawancin waɗanda zuciyarsu ke tsayawa a titi ko a wurin aiki a Amurka ba sa tashi. Hamlin ya tashi, da ikon Allah, domin a kowane wasa na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga, akwai ma'aikatan lafiya kusan 30 a bakin fili: likitocin ƙashi, likitan da ya ƙware wajen buɗe hanyar numfashi, ƙwararru kan ƙwaƙwalwa, da na'urar ɗaukar hoton ƙashi a cikin ginin filin kansa. Sukan zauna sa'a guda kafin a take wasa, kowa ya san inda zai tsaya idan ta ɓaci.

Shekara biyu da 'yan watanni kafin wannan dare, ranar 20 ga Satumbar 2020, Tyrod Taylor na ƙungiyar Los Angeles Chargers ya zo fili da tsagaggen haƙarƙari. Shi ne madugun ƙungiyar, wato ɗan wasan da ke jefa ƙwallo yana jagorantar kai hari. Ana dab da fara karawa da Kansas City Chiefs likitan ƙungiyar ya yi masa allurar kashe zafi a haƙarƙarin, allurar ta zarce ta huda masa huhu. Aka garzaya da shi asibiti, wani sabon shiga mai suna Justin Herbert ya maye gurbinsa ya taka rawar gani, Taylor kuwa bai sake hawa wannan kujera a ƙungiyar ba. Kuskuren hannu yana iya samun kowane likita. Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne dalilin da ya kai allura kusa da huhun wannan bawan Allah tun farko. Maganin tsagewar haƙarƙari sananne ne ko a wurin maɗoran gargajiya: a huta, ƙashi ya haɗe da kansa cikin 'yan makonni. Allura ba ta haɗa ƙashi, iyakarta ta ɗauke raɗaɗi na 'yan sa'o'i domin mai ciwon ya shiga fili, inda ƙarti masu nauyin kilo 140 ke jiran su faɗo masa. Tsari ɗaya ne ya haifar da labarin Hamlin da na Taylor. Duk inda bukatar ƙungiya da ta ɗan wasa suka zo ɗaya, kulawar da ake yi a wannan gasa samun irinta a duniya sai an tona. Inda bukatun suka raba hanya kuwa, likita kan tsinci kansa da taura biyu a baki, kuma tarihin wasan ya nuna wadda aka fi taunawa.

Likitan ƙungiya ma'aikacin ƙungiya ne. Ita ke zaɓensa, ita ke sallamarsa, ba kuma sai ta faɗi dalili ba. Tun kafin matashi ya shiga gasar, a taron tantance sababbin 'yan wasa da ake yi kowace shekara a Indianapolis, likitocin ƙungiyoyi 32 ne ke lalube gwiwarsa da kafaɗarsa da bayansa, su kai wa shugabanninsu rahoto kan ko hajar ta cancanci kuɗinta. In an ɗauke shi, wannan likitan dai shi ne zai zama mai yi masa magani. Ɗan wasa yakan sa hannu a takardar da ke halatta wa likita ya sanar da koci da manajoji halin lafiyarsa, saboda haka sirrin da ke tsakanin majinyaci da likitansa, wanda a kansa aka gina aikin likita, a nan ragagge ne tun ranar farko. Ga shi yawancin kwantiragin NFL ba su da cikakken lamuni; ana iya sallamar mutum a tsakiyar kaka a daina biyansa sauran kuɗin, kuma matsakaicin zaman ɗan wasa a gasar bai wuce shekara uku da 'yan kai ba. Wanda ya san cewa kukan da zai kai wa likita da safe zai isa teburin manaja kafin la'asar, dole ya auna abin da zai faɗa. Shi ma likitan yana da abin da zai yi asara. Albashin ƙungiya ba wani abu ba ne a wurin babban likitan ƙashi, amma sunan cewa shi ne likitan ƙungiya kaza yana cika masa asibiti da majinyata, har ta kai a shekarun baya asibitoci ne ke biyan ƙungiyoyi maƙudan kuɗi don a ba su wannan suna. Idan baki ya ci, ido kan ji kunya.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a batun wani magani mai suna Toradol. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1989 don rage zafi mai tsanani, musamman bayan tiyata, tare da gargaɗin kada a wuce kwana biyar ana amfani da shi, domin yana taɓa ƙoda da ciki, yana kuma sa jini ya yi jinkirin daskarewa. Ba ya bugarwa, ba ya kama jiki kamar dangin kodin, wannan ya sa ya samu karɓuwa a ɗakunan sauya kaya. Wani bincike da likitocin wasanni suka wallafa a 2002 ya gano cewa 28 daga cikin ƙungiyoyi 30 da suka amsa tambaya suna amfani da shi, kuma a matsakaici 'yan wasa 15 ne ake yi wa allurarsa a kowace ƙungiya ranar wasa. A lokacin layi ake yi a sha allura kafin a fita, har da waɗanda ba su da wani takamaiman rauni, a matsayin guzurin dukan da za su sha. A duba abin da kyau: maganin da ke hana jini tsayawa ake bai wa mutanen da za su shafe sa'a uku suna gwara kawunansu, inda zubar jini a cikin ƙoƙon kai ke iya kisa. Kuma jiki magayi ne. Zafi shi ne ɗan aiken da ke cewa jijiya ta fara yagewa a dakata, in an rufe masa baki targaɗe sai ya zama karaya. Sai a 2012, bayan tsofaffin 'yan wasa 12 sun shigar da ƙara a kan maganin, kwamitin ƙungiyar likitocin NFL ya ba da shawarar a daina yin allurar ga wanda ba shi da rauni. Na ƙwayoyi masu bugarwa ya fi muni. Binciken da Jami'ar Washington da ke St. Louis ta fitar a 2011 kan tsofaffin 'yan wasa 644 ya nuna kashi 52 cikin ɗari sun sha irin waɗannan ƙwayoyi a lokacin da suke wasa, kuma kashi 71 cikin ɗari na waɗanda suka sha sun sha su ba bisa ƙa'ida ba. Gaskiya ne da yawa daga hannun abokan wasa suka samu, amma a ɗaki guda suke da likitocin. A 2014 Richard Dent da Jim McMahon, tsofaffin taurarin Chicago Bears, da wasu tsofaffin 'yan wasa suka kai NFL kotu bisa zargin cewa an yi ta ɗirka musu magunguna ana ɓoye musu girman raunukansu. Shari'ar ta ja shekaru ba su yi nasara ba, sai dai a watan Nuwambar shekarar jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka sun yi wa ma'aikatan lafiyar wasu ƙungiyoyi dirar ba-zata bayan wasa, suna bincikar jakunkunansu.

Raunin gwiwa dai ana ganinsa a hoto. Na ƙwaƙwalwa ba ya fitowa, shi ya sa aka daɗe ana musunsa. A 1994 NFL ta kafa kwamitin nazarin buguwar ƙwaƙwalwa, ta ɗora Elliot Pellman a kansa, likitan ƙungiyar New York Jets wanda fanninsa ciwon gaɓoɓi ne. Kwamitin ya yi ta wallafa maƙaloli masu kwantar da hankali, har da wadda ke cewa mayar da ɗan wasa fili a ranar da ya bugu ba ya ƙara masa wani haɗari na a zo a gani. Wanda ya fasa ƙwan baƙo ne a harkar. Bennet Omalu, ɗan Najeriya da ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka, yana aikin binciken gawa a Pittsburgh lokacin da aka kawo masa gawar Mike Webster a 2002, tsohon gwarzon ƙungiyar Steelers da ya rasu yana da shekara 50 bayan ya yi fama da ruɗewa da mantuwa, har yana kwana a mota. A ido ƙwaƙwalwar lafiya lau take. Da Omalu ya yayyanka ta ya duba a madubin likita, sai ya ga wani sinadari ya taru ya cuccure a cikinta, irin lalacewar da a da aka sani a wurin 'yan dambe. Ya wallafa abin da ya gani a 2005 da sunan cutar da yanzu ake kira CTE, nan da nan likitoci uku na kwamitin NFL suka rubuta suna neman a janye maƙalar. A 2017 Ann McKee ta Jami'ar Boston ta ba da rahoton samun cutar a ƙwaƙwalwa 110 daga cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL da ta bincika. Wannan adadi ba ya nufin kusan kowane ɗan wasa yana ɗauke da ita, domin iyalan da suka ga alamun ciwo su ne suka fi ba da ƙwaƙwalen mamatansu, kuma masu binciken da kansu sun faɗi haka. Amma kafin lokacin NFL ta riga ta amince a 2013 za ta biya dala miliyan 765 ga tsofaffin 'yan wasa fiye da 4,500, daga baya aka cire wa kuɗin iyaka, sannan a Maris na 2016 wani babban jami'inta ya amsa a gaban 'yan majalisar dokoki cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. Likitocin ƙungiyoyi suna tare da waɗannan mutane kullum shekara da shekaru. Wanda ya gano abin da ke cin su mutum ne da ba ya karɓar ko sisi daga wata ƙungiya.

Masu kare tsarin sukan ce wannan zance cin fuska ne ga mutanen kirki. Likitocin nan manyan ƙwararru ne da suka yi rantsuwa, kuma yarjejeniyar da NFL ta ƙulla da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa a 2011 ta rubuta ƙarara cewa haƙƙin ɗan wasa ne a gaba a wurin likita, ta ba shi damar neman ra'ayin wani likita na waje da kuɗin ƙungiya, da zaɓen wanda zai yi masa tiyata. Duk wannan haka yake, kuma ban yarda da masu zana likitocin a matsayin mugaye ba. Sai dai son rai ba ya bukatar mugunta kafin ya yi aiki. Yawancin hukuncin da likitan wasanni ke yankewa a kan iyaka suke: mako biyu ko uku, a yi tiyata yanzu ko a lallaɓa zuwa ƙarshen kaka, jirin nan daga kai yake ko daga wuya. A irin wannan wuri mutumin kirki ma yakan karkata inda iska ke kaɗawa ba tare da ya ji ya karkata ba. Ko da a ce babu likita ɗaya da ya taɓa karkata, zargin kaɗai ya isa ɓarna. Trent Williams na ƙungiyar Washington ya ce ya nuna wa likitocin ƙungiyar wani ƙari a fatar kansa aka ce masa ba komai ba ne, kusan shekara shida ana haka, daga baya aka gano wata irin sankara ce. Ya ƙaurace wa kakar 2019 gaba ɗaya, yana cewa amana ta ƙare. Majinyacin da bai yarda da likitansa ba zai ɓoye masa ciwo, likitan da ake ɓoye wa ciwo kuwa ƙwarewarsa ba ta da amfani.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ta cancanci a ba ta haƙƙinta. 'Yan wasan nan manya ne masu hankalin kansu, su ne ke roƙon allurar, su ne ke yi wa likita ƙarya don a bar su su koma. Al'adar wasan tana kambama mai cije wa ciwo: har yau ana ba da labarin Jack Youngblood da ya buga wasannin ƙarshe na kakar 1979 da karyayyen ƙashin ƙafa, da Ronnie Lott da ya zaɓi a guntule masa kan ɗan ƙaramin yatsa a 1986 don kada doguwar jinya ta ci masa lokaci. In baligi ya auna ya ga zai sayar da lafiyar gwiwarsa ya gina wa iyalinsa rayuwa, wa ya isa ya hana shi? Ni ma ina ganin yana da wannan 'yanci a kan gwiwarsa da yatsansa, da sharaɗin an gaya masa gaskiyar abin da zai biyo baya, kuma mai gaya masa ba shi da riba a cikin amsar. Sharaɗin nan na biyu shi ne tsarin yanzu ya kasa cikawa. Sannan a dubi abin da ake kira zaɓi. A 2012 Alex Smith, madugun San Francisco 49ers, yana tsakiyar kaka mafi kyau a rayuwarsa, ya bugu a kai, ya faɗa wa likitoci gaskiya cewa yana gani dishi-dishi. Kafin ya warke Colin Kaepernick ya gaje kujerarsa, a ƙarshen kaka aka sayar da shi. Duk wani matashi a gasar ya ga abin da gaskiya ta jawo wa Smith. Game da ƙwaƙwalwa kuwa hujjar 'yanci ta rushe baki ɗaya, domin gaɓar da za ta yi zaɓin ita ce ta ji ciwon. Tambayar wanda ya bugu a kai ko zai iya ci gaba daidai take da tambayar mai maye ko zai iya tuƙi. A nan ne ake bukatar wani a bakin fili da zai iya cewa a'a, ya kuma wayi gari da aikinsa.

Hanyar samar da irin wannan mutum ba ɓoyayya ba ce. A Nuwambar 2016 wasu masana shari'a da ɗa'ar likitanci na Jami'ar Harvard suka fitar da rahoto mai shafi kusan 500, kuma babbar shawararsu ita ce a raba aikin gida biyu. Likitocin da ke yi wa ɗan wasa magani, wani kwamitin haɗin gwiwa na NFL da ƙungiyar 'yan wasa ne zai zaɓe su, shi kaɗai ne kuma zai iya cire su. Abin da za su miƙa wa koci taƙaitaccen bayani ne kan ko mutum zai iya wasa da kuma yaushe. Ƙungiya kuma ta riƙe nata likitan daban, mai duba mata lafiyar wanda za ta saya ko ta sallama, ɗan wasa ya san da wa yake magana. NFL ta yi watsi da shawarar, tana cewa babu wani karo na haƙiƙa tsakanin bukatun biyu. Masu goyon bayanta suna da misalin da suke kafa hujja da shi. Tun 2013 akwai ƙwararren ƙwaƙwalwa mai zaman kansa a bakin kowane fili, akwai kuma masu sa ido daga saman bene da aka ba ikon tsayar da wasa a 2015, amma duk da haka ranar 25 ga Satumbar 2022 Tua Tagovailoa na Miami Dolphins ya bugi ƙasa da ƙeya, ya tashi yana tangaɗi a gaban miliyoyin masu kallo, aka ce ciwon baya ne aka mayar da shi fili. Kwana huɗu bayan haka a Cincinnati aka sake maka shi da ƙasa, yatsunsa suka ƙage a gaban fuskarsa, aka fitar da shi a kan gadon marasa lafiya. Ga likita mai zaman kansa, in ji su, me ya hana? Amsar tana cikin abin da ya biyo baya. Ƙungiyar 'yan wasa ta yi amfani da ikonta ta sallami ƙwararren nan cikin kwanaki, aka kuma gyara ƙa'ida cikin mako biyu, ta yadda duk wanda aka ga yana tangaɗi ya gama wasa a ranar. Likitan ƙungiya kuwa ba su da ikon taɓa shi, alhali a ƙa'idar shi ke da maganar ƙarshe, ƙwararren mai ba da shawara ne kawai. Abin da ya gaza a ranar rabin 'yanci ne. Akwai kuma masu cewa baƙon likita ba zai san 'yan wasa kamar na gida ba. Shawarar Harvard ba ta ce a kawo baƙo ba. Likitan zai zauna da ƙungiyar kullum kamar yadda yake yanzu, wanda zai iya korarsa ne kawai zai sauya.

Ɗan NFL aƙalla yana da albashi da wakili da ƙungiyar ƙwadago. Ɗan jami'a mai shekara 18 ko 19 ya daɗe ba shi da ko ɗaya, ga shi ƙasa da biyu cikin ɗari ne ke kaiwa ga babbar gasar. Abin takaici, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA saboda kare rayuka aka kafa ta a 1906, bayan mace-macen 'yan wasa sun sa Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadarsa. Amma da Ray Dennison na kwalejin Fort Lewis ya mutu sakamakon bugu a kai a 1955, matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun ƙolin jihar Colorado ta hana ta bisa hujjar cewa shi ɗalibi ne, ba ma'aikaci ba. A manyan jami'o'i koci kan fi shugaban jami'a albashi nesa ba kusa ba, kuma shekaru da yawa masu jinyar 'yan wasa a ƙarƙashin sashen wasanni suke. Wani bincike na 2013 ya nuna kusan rabin masu jinyar da aka tambaya a manyan jami'o'i sun ce koci ya taɓa matsa musu su mayar da wanda ya bugu a kai kafin ya warke. A 2016 manyan rukunonin jami'o'i biyar suka kafa dokar cewa hukuncin likita ba mai tayar da shi. Bayan shekara uku ƙungiyar masu jinyar 'yan wasa ta ƙasa ta tambayi mambobinta, kusan ɗaya cikin biyar suka ce sun ga koci ya sa ɗan wasan da likita ya hana.

A jami'o'i, atisaye ya fi ranar wasa kisa, kuma akasari zafi ne da gajiya. Tun mutuwar Korey Stringer na Minnesota Vikings a ranar 1 ga Agustan 2001, wanda zafin jikinsa ya haura digiri 42, masana suka tsayar da magani mai sauƙi: a auna zafin cikin jiki, a tsoma mutum cikin bahon ruwan ƙanƙara nan take, a sanyaya shi kafin a ɗauke shi zuwa asibiti. In an yi haka cikin minti 30, kusan kowa yana rayuwa. Ranar 29 ga Mayun 2018 Jordan McNair, ɗan shekara 19 a Jami'ar Maryland, ya fara jigata a lokacin gudun atisaye. Ba a auna zafin jikinsa ba, ba a tsoma shi a ruwan sanyi ba, an shafe fiye da sa'a guda kafin a kira motar asibiti. Ya isa asibiti da zafin digiri 41, aka yi masa dashen hanta, ya rasu ranar 13 ga Yuni. Shugaban jami'ar, Wallace Loh, ya fito ya ɗauki alhakin abin a shari'ance da kuma a ɗabi'ance, aka kori koci D.J. Durkin a ƙarshen Oktoba, aka biya iyayen dala miliyan 3.5. Shekara guda kafin rasuwar yaron an gabatar wa jami'ar shawarar mayar da masu jinyar 'yan wasa ƙarƙashin makarantar koyon likitanci, ba a karɓa ba. Baho da ƙanƙara ba su fi ƙarfin jami'ar da ke kashe miliyoyi kan wasanni ba. Abin da babu a filin ranar shi ne mutumin da ke ganin yaro mai tangaɗi a matsayin majinyaci kafin ya gan shi a matsayin rago.

Akwai wani ɓangare na wannan da ya shafe mu kai tsaye. Mai rukunin jini na AS, wanda kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya ke da shi, lafiyayye ne a rayuwar yau da kullum, amma in aka tsananta masa gudu ba hutu, musamman a zafi ko a kan tudu mai ƙarancin iska, ƙwayoyin jininsa kan iya lanƙwashewa irin na mai sikila su toshe hanyoyin jini, tsoka ta fara narkewa. Haka ya kashe Dale Lloyd na Jami'ar Rice a 2006, kuma ƙarar iyayensa ce ta sa NCAA ta wajabta gwajin jini a manyan jami'o'i daga 2010. Gwajin yana amfani ne kawai in mai busa usur ya yarda yaro ya tsaya ya huta sa'ad da ya ce ƙafarsa ta riƙe. Ryan Clark na Steelers, mai irin wannan jini, ya rasa saifarsa da maɗaciyarsa bayan wani wasa a Denver a 2007, birnin da ke sama da teku da kimanin mita 1,600. Da ƙungiyar ta koma can don wasan sili-ɗaya-ƙwale a Janairun 2012, koci Mike Tomlin ya ajiye shi duk da yana son bugawa, suka kuma sha kashi. Tomlin ya cancanci yabo, amma ran ɗan wasa bai kamata ya rataya a kan dacewa da koci mai tausayi ba.

Mayar da likita ƙarƙashin asibiti ma bai wadatar ba, muddin asibitin na tsoron rasa cinikin ƙungiyar. Scott Lynch likitan ƙashi ne na ƙungiyar Jami'ar Penn State, kuma ma'aikacin asibitin jami'ar ne, ba na sashen wasanni ba. A 2019 aka cire shi daga muƙaminsa. Ya shigar da ƙara yana cewa an cire shi ne domin ya yi ta kai ƙorafin cewa koci James Franklin na tsoma baki cikin hukuncin wanda zai yi wasa da wanda zai huta. Franklin ya musanta, kuma an fitar da sunansa daga shari'ar saboda wa'adin shigar da ƙara a kansa ya wuce. Asibitin ya ce dalilin cire Lynch shi ne yana zaune nesa da harabar jami'ar. A watan Mayun 2024 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Pennsylvania suka gaskata Lynch, suka umarci a biya shi dala miliyan 5.25. Shekara biyar ya yi kafin ya samu wannan hukunci, kuma hukuncin bai mayar da shi bakin fili ba.